Itatuwa Dubu Huɗu na Mahmudu Mai Tukunya

A Kasuwan Garba aka haifi Mahmudu, a gidan maƙera. Ubansa fartanya da garma yake ƙerawa, kuma ya so ɗansa ya gaje shi. Amma Mahmudu tun yana ƙarami ya lura cewa fartanya ɗaya takan kai manomi shekara biyar, ita kuwa tukunya babu bikin da ake yi ba a sayi sabuwa ba. Yana da shekara goma sha tara ya hau motar hatsi ya sauka a Kontagora, ya shiga hannun wani Banufe mai zubin tukwane a bayan layin makanikai. Da Banufen ya tsufa ya koma garinsu, sai ya bar masa rumfar da murhun da ƙafar keken da ake juyawa ta hura wuta. A nan Mahmudu ya yi shekara talatin da ɗoriya.

Aikin ba shi da wani asiri. 'Yan bola-jari su kawo gwangwanayen lemo da tsofaffin fistin na mota da fasassun tukwane, a narka su a kasko mai kauri. A danna ƙasa mai laima a jikin tukunyar samfur, a zare ta, a kwarara narkakken alminiyam a gurbin da ta bari. In ya huce a fasa ƙasar, a bi baki da zarto, a goge, a jera a rana. Duk gidan da aka yi taron suna ko na Kirsimeti daga nan har Salka, da wuya a rasa tukunyarsa a kan murhu.

Mu da muke unguwa ɗaya da shi za mu iya ba da shaida cewa Mahmudu bai taɓa tausayin itace ba. Gawayin da ya ƙona a rayuwarsa zai cika tireloli, kuma tambaya ɗaya ce yake yi wa mai kawowa: na ƙirya ne? In na ƙirya ne a sauke, in ba shi ba ne a ƙara gaba. Matarsa Ruka takan ce da ƙofar ɗakinta ta ƙirya ce, da tuni ta kwana a waje.

Sai daji ya ɓaci. 'Yan bindiga suka mamaye dazukan da ke bayan garinsu, masu saran itace suka daina shiga, masu ƙona gawayi suka watse, wasu suka gudo Kontagora da 'ya'yansu. Abin da ma'aikatan gandun daji suka yi shekaru suna wa'azi a kai bai yiwu ba, ya yiwu cikin damina ɗaya. Itatuwa suka samu hutu, mutane suka rasa shi. Ɗan gawayin da ke shigowa gari masu gasa nama da masu guga suke rigegeniya a kai, kuma ba ya isa a narka ko marfin tukunya. Mahmudu ya ja kyauren rumfarsa ya koma gida. Mako uku yana zaune a tsakar gida yana gyara wa Ruka yadda ake hura wuta, har ta ce masa, "Baban Auwal, don Allah ka fita ko zagaya gari ne ka yi. Ni shekara talatin ina girki ba malami."

A wannan zagayen ne ya tsaya a bayan injin casar shinkafa na Alhaji Abdulwasiu. Alhajin haifaffen Kontagora ne, kakansa ne ya zo daga ƙasar Yarbawa da fatauci. A bayan injinsa akwai tulin buntu, wato ƙaiƙayin shinkafa, da ya fi katanga tsayi, kuma wata uku ke nan yana ci da wuta ta ciki. Hayaƙinsa ya hana unguwa shanya, an kai ƙara wurin mai unguwa sau uku, kuma a duka ukun Mahmudu ne a sahun gaba. Ran nan ya sa sanda ya tona gefen tulin. Ƙarƙashin tokar baƙi ne ƙirin, da ɗumi kamar an sauke tuwo. An yi ruwa daren jiya, amma wutar ba ta mutu ba.

Ya shiga ya sami Alhaji yana duba bel ɗin inji. Suka gaisa gaisuwar mutanen da suka saba haɗuwa a gaban mai unguwa.

"Alhaji, buntun nan nake so."

"Ka kwashe shi?"

"Kaɗan dai."

"Malam Mahmudu, ka kwashe duka. In kana so har da ƙasar da ke ƙarƙashinsa ka haɗa, zan ba ka aron baro."

Gwajin farko bai yi daɗin gani ba. Ya zuba ƙonannen buntu a murhu, ya juya ƙafar keke, iska ta kwaso shi gaba ɗaya ta watsa masa a fuska. Makanikai suka yi kwana biyu suna dariya. Ruka ce ta ce ai abu mai gari sai an dama shi da wani abu ya kama jikinsa. Ta dama koko mai kauri aka cuɗa, aka mulmula kamar fura, aka shanya. Ya bushe, ya kama, ya ci wuta. Amma ta ce ba za ta riƙa ciyar da murhu da gasarar da mutane za su sha ba, ya nemi wata dabara.

Dabarar tana bin kwata ta gaban rumfarsa kullum. Cecilia, wadda ake kira Maman Japhet, 'yar Rijau ce da ke yin garin kwaki a ƙarshen layi. Ruwan da take matsewa daga markaɗaɗɗen rogo shi ne ke gangarowa fari fat yana tsami, ya bar wani farin abu a ƙasan kwata. Ita ma Mahmudu ya kai ƙararta sau biyu. Ya yi kwana uku yana wucewa ta ƙofarta yana komawa kafin ya iya yin sallama.

"Maman Japhet, sannu da aiki."

Ba ta ɗago daga kaskon suya ba. "Mai Tukunya, ka bari in sauke wannan sai mu tafi wurin mai unguwar tare."

"Ba ƙara ba ce. Ruwan nake so."

"Wanda ka ce yana kashe awaki?"

"Shi."

"Awakin wa za ka kashe?"

Da ya yi mata bayani ta yi dariya har ta share ido da gefen zani. Ta ce ya kawo duro ya ajiye a bakin matsar, amma kada ya sake ta ji sunanta a bakinsa a gaban kowa. Aka ajiye duro. Ruwan ya kwana, sitaci ya kwanta a ƙasa, aka tsiyaye, aka dafa shi ya yi kauri. Kwata ta bushe a karon farko cikin shekara goma.

Saura matsi, don wanda aka mulmula da hannu yakan ruguje a cikin wuta. Ɗantani mai walda, da rumfarsa ke kallon ta Mahmudu, ya yanka bututun ruwa gida goma sha biyu, ya jera su a faranti, ya ɗaura musu jak ɗin wata mota da ta yi shekaru ba ta da taya. Ana dannawa sai ga curi goma sha biyu, kowanne da rami a tsakiya. Toka ta yi yawa tana toshe murhu, sai aka haɗa da ƙonanniyar totuwar masara. Duk da haka wutar takan gaza a daidai lokacin da ƙarfe ya fara laushi. Nan Mahmudu ya rataye wani galan a jikin ginshiƙi, ya jawo siririn tiyo, yana ɗigo baƙin man da makanikai suka juye daga injin mota. Hayaƙi baƙi ya tashi na minti goma, ƙarfe ya narke. Wata biyu da rufe rumfa, ya zuba tukunya mai cin mudu goma.

Haka abin ya tafi shekara biyu. Alhaji ya huta da ƙara. Cecilia ta daina sayen itace, tana suya da curin da Mahmudu ke aika mata, tokar kuma tana goge kasko da ita. Ɗantani ya samu tukunyar auren ƙanwarsa. Su huɗun ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba, ba su sa wa abin suna ba, kuma faɗa bai ƙare ba. In buntu ya jiƙe Mahmudu ya yi mita, in duro ya cika ba a ɗauka ba Cecilia ta aiko da saƙon da ba a maimaita shi a gaban yara.

Sai Dakta Jawahir ta zo. Malamar jami'a ce, tana yi wa wata ƙungiya bincike a kan ƙananan masana'antu, kuma a gidan wata ƙawarta ta ga curin a murhu ta biyo sawunsa. Ba irin baƙin da ke tsayawa a bakin mota ba ce. Kwana uku tana zaune a kan bulo a rumfar Mahmudu, gyalenta ya yi baƙi, tana tambaya tana rubutu. Kafin ta iso kowace safiya Mahmudu yakan sauke galan ɗin baƙin mai ya tura shi bayan buhunan ƙasa, ya ce yau aikin gugar tukwane za a yi. A rana ta uku ta nuna masa takarda. Ta zana da'ira huɗu, kibiyoyi suna fita daga wannan suna shiga waccan.

"Baba, ka san abin da kuka yi? Sharar kowa ta zama kayan aikin wani. Ƙasashe suna kashe dukiya suna neman yadda za su haɗa masana'antu haka."

Ya duba takardar da kyau. "Wannan kibiyar da ta fito daga wurin Maman Japhet, Dakta, ki ƙara mata kaifi."

Bayan wata huɗu aka gayyace su taro a Minna. Wannan ce rana ta farko da su huɗun suka zauna wuri ɗaya, kuma sun yi ta ne a kujerar baya ta mota, Alhaji da Cecilia suna jayayya a kan gilashin taga. A otal ɗin janareta biyu ke aiki tun safe don a sanyaya ɗakin da za a yi maganar hayaƙi. Wani saurayi mai kwat ya haska hoton rumfar Mahmudu a bango, ya yi awa biyu yana bayanin yadda ake haɗa buntu da sitaci, tafinta yana juyawa. Ya ce wannan shi ake kira ƙawancen ƙirƙira mai ɗorewa. Ya ƙare da cewa babbar matsalar waɗannan bayin Allah ita ce rashin horo. Aka tafa. Mahmudu ma ya tafa, idonsa na kan gwangwanayen lemo da ake zubawa a kwandon shara, kuma kafin a tashi ya yi magana da mai shara an tara masa buhu guda.

Da yamma aka kira sunansa, aka miƙa masa satifiket a cikin gilashi. Tafinta ya ce an auna an gano cewa ya ceci itatuwa dubu huɗu. Aka ba shi abin magana ya ce wani abu.

"Na gode, Allah ya saka. Ina suke?"

"Su wa, Baba?"

"Itatuwan. Ko guda biyu ne a nuna mini, rumfata tana neman azara."

Aka yi dariya aka ce Baba akwai barkwanci. Shi kuwa da gaske yake. Kafin a watse aka kafa kwamiti, aka naɗa Alhaji ciyaman saboda shi ne mai ofis, aka yi musu alkawarin injin matsa curi na zamani.

A wannan taron ne kowa ya ji da kunnensa cewa abin da yake zubarwa dukiya ce. Mako biyu da dawowa Alhaji ya kewaye tulin buntu da waya, ya sa ƙofa da kwaɗo, domin wani mai kamfani da suka haɗu a otal ya ce zai riƙa turo tirela. Cecilia ta janye duro ta shigar cikin gida, ta fara shanya sitacinta tana sayar wa masu wanki da guga. Ɗantani ya samu odar matsar curi daga garuruwa uku, ya buga kati mai hotonsa, jak ɗin Mahmudu ya lalace ya yi wata guda yana jiran a duba. Babu wanda ya yi wa wani rashin mutunci. Kowa dai ya waye.

Injin ya iso cikin babbar mota, kore shar, da rubutun wata ƙasa a jikinsa. Aka sauke shi a harabar ciyaman, aka yanka kirtani, aka ɗauki hoto. Sannan mai haɗawa ya tambayi inda layin wuta mai waya uku yake. Unguwar waya ɗaya gare ta, injin Alhaji kuwa da man dizal yake aiki tun zamanin ubansa. Aka ce za a rubuta takarda. Aka lulluɓe shi da tamfol.

Mahmudu ya koma gawayi. Daga nesa ake kawo shi yanzu, ta wajen Sahon Rami, ba na ƙirya ba ne, kuma bai tambaya ba. Wata biyar yana ƙona itace a ƙarƙashin satifiket ɗin da Ruka ta sa aka kafa masa a ginshiƙin rumfa. A lokacin hotonsa yana kan wani babban allo a hanyar shiga gari, yana murmushi da curi a hannu. Makanikai suka sa masa suna Mai Daji.

Cecilia ce ta fara gajiya. Itace ya yi mata tsada, hayaƙinsa yana sa mata ciwon ido, kuma masu guga ba su iya shanye sitacin da take tarawa. Wata safiya ta zo rumfarsa da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya daga bakin inuwa.

"Mai Tukunya, matsar curin nan da ke kwance, ka ba ni ita."

"Ki yi me da ita? Buntu yana bayan kwaɗo."

"Alhaji kaɗai ne mai shinkafa a duniya? Matan da suka gudo daga ƙauye suna zaune a cocinmu da makarantar allon bayan kasuwa, ba aikin yi. Totuwa tana nan a Salka ana ƙonawa a gona. Kai dai ba ni, ka nuna musu yadda ake haɗin."

Ya ba ta. Ya yi mako guda yana nuna wa mata goma sha ɗaya yadda ake ƙona totuwa a duro ba tare da ta zama toka ba, yana faɗa suna dariya. Cikin wata biyu curinsu ya shiga kasuwa, ya fi nasa ƙarfi, don sun fi shi haƙurin daka. Tirelar mai kamfani kuwa sau biyu ta zo ba ta sake dawowa ba, tulin Alhaji ya haura waya ya kama wuta, sai Alhaji ya aika a gaya wa Maman Japhet cewa makulli yana wurin mai gadi. Tun daga lokacin Mahmudu a wurin matan yake sayen abin da shi ya ƙirƙiro, kuma ba sa rage masa ko sisi.

Dakta Jawahir ta dawo bayan shekara guda, ita kaɗai a motar haya, ƙungiyar ta riga ta rufe aikin ta rubuta cewa an yi nasara. Ta iske shi yana tsakiyar zubi, galan a rataye, hayaƙi baƙi yana tashi. Ya rasa inda zai sa kansa.

"Baba, bar shi. Tun zuwana na farko na ga tiyon. Ban rubuta ba ne don ban san abin da zan ce ka yi a maimakonsa ba. Yanzu ina da abin da za mu gwada."

Ta sa aka kwaɓa yumɓu da tokar buntu, aka yaɓe cikin murhun da kauri, Ɗantani ya yanko marfi daga gindin tsohon duro. Zafin da ke tserewa sama ya tsaya a ciki. A gwaji na uku ƙarfe ya narke babu ɗigon mai ko ɗaya, kuma tarin da Mahmudu ya yi shekaru yana fama da shi ya ragu kafin damina. Wannan aikin bai shiga kowane rahoto ba, ba a kuma ba kowa takarda a kansa ba.

Yanzu Mahmudu ya haura sittin. Idonsa ya fara rauni, ɗansa Auwal, wanda shi ma ya aje iyali, shi ke ɗaga kasko, shi kuma yana danna ƙasa, don ya ce hannu ba ya bukatar tabarau. Kwamiti bai taɓa zama ba. Amma sau biyu ko uku a shekara akan kawo baƙi daga nesa su ga abin da aka cim ma, kuma ba rumfarsa ake kai su ba, don babu wurin ajiye mota. Harabar Alhaji ake kai su. A yaye tamfol, a kori kaji, a goge injin, a aika a kira Mahmudu ya sa farar riga ya tsaya a gefensa.

A zuwan da aka yi bayan sallar layya, wata baƙuwa mai gilashi ta shafa jikin injin, ta sa tafinta ya tambaye shi yadda yake jin daɗin aiki da shi, da ko yana ba su wahala.

Mahmudu ya dubi injin, ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi sama.

"Gaya mata alhamdu lillahi," in ji shi. "Shekara uku ke nan, ko sau ɗaya bai taɓa lalacewa ba."

Ta rubuta. Aka ɗauki hoto, aka raba lemo. Ya jira har motocin suka fita, ya cire farar rigar ya naɗe ta a hammata, ya bi ta layin makanikai ya koma, don ya bar tukwane shida a cikin ƙasa suna hucewa kuma mai su daga Rijau za ta zo kafin la'asar.